Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hakimai, Dagatai, Masu Unguwanni Da Limaman Jihar Kano Kan Yaranmu Da Ke Ƙuryar Ɗaki

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayen ƙasa, Allah ya ja zamaninku, ya dafa muku a kan amanar da ke wuyanku. Malamanmu, limaman Juma'a da na unguwa, Allah ya gafarta muku, ya saka da alheri. Ina neman afuwa tun daga farko idan harshena ya yi kaushi a wani wuri. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa nawa ɗakin shekara 9 ke nan yana yoyo.

Ni uwa ce, malamar firamare a cikin birni. Ina magana da yawun matan da muke haɗuwa a bencin sashen gashin ƙashi na asibiti, kowace da ɗanta mai larurar shanyewar ƙwaƙwalwa a baya ko a cinya. Akwai mai ɗan wata 8 da har yau wuyansa bai tsaya ba. Akwai mai yarinya 'yar shekara 12 da ƙafafunta ke jan ƙasa in an goya ta. Wasu tun asuba suke barin ƙauyukansu, wasu 'yan uwanmu Kiristoci ne daga Sabon Gari, don haka abin da zan roƙi limamai ina roƙon shugabannin coci ma su ɗauka. Ba mu da rajista, ba mu da ofis, ba mu da hatimi. Layi ne ya haɗa mu, sai lambobin waya da muka karɓa a tsakaninmu. Da na ce zan rubuto muku, kowace ta ba ni nata saƙon, wata tana faɗa tana share hawaye da gefen hijabi.

Abin da ya ɗaga ni shi ne wata haihuwa da aka yi a layinmu watan jiya. Na shiga barka a rana ta 4, na karɓi jaririn na fito da shi bakin ƙofa inda haske yake, sai na ga farin idonsa ya koma ruwan ƙwai. Na roƙa a tafi asibiti a ranar. Aka ce a bari a yi suna tukuna, an riga an sayi rago, an gayyaci dangi. Da na matsa, wata dattijuwa ta dafa ni ta ce, "Ke abin da ya same ki ne ya sa kike tsorata da kowane jariri." Gaskiya ta faɗa. Amma maganata ba ta da nauyi a gidan nan. Na tabbata da mai unguwa ne ya aiko, ko liman ya ja uban yaron gefe bayan azahar, da la'asar a asibiti za ta same su. Sai bayan suna aka tafi, kuma har yanzu addu'a muke yi. Ranar 6 ga Oktoba, ranar da duniya ta keɓe wa masu larura irin ta yaranmu, ta zo ta wuce ban ji an ambace mu a huɗuba ko a fada ba.

Bari in fara da sunan abin, domin rabin wahalarmu daga suna take. A katin asibiti haruffa biyu ake rubutawa, CP. A rediyo wasu kan ce shanyewar ƙwaƙwalwa, wasu su ce galahanga, kalmar da ake jibga wa larurori iri-iri. A cikin gida kuwa, sunan da ake raɗawa a kunne shi ne ɗan ruwa. Abin da likitoci suka bayyana mana shi ne rauni ne ya sami sashen ƙwaƙwalwa mai sarrafa motsi, ko tun yaro yana ciki, ko wajen haihuwa, ko a farkon rayuwarsa. Raunin ba ya ƙaruwa, ba ya kuma gogewa. Ba a ɗauka, ko da kwano ɗaya ake ci. A mafi yawansu jiki sandarewa yake yi, hannu ya dunƙule, ƙafafu su harɗe kamar almakashi. Wasu jikin ne ke motsi da kansa ba da izininsu ba, wasu kuma tangaɗi suke yi in sun tashi tafiya. Akwai mai ɗingishi kawai, yana kasuwarsa lafiya, akwai wanda ko juyi sai an juya shi. Wasu farfaɗiya na haɗe musu, wasu ji ko gani ko fahimta ta taɓu, amma da yawa hankalinsu ƙalau yake, bakin ne kawai ya ƙi ba su haɗin kai. Ana ƙiyasta yara 2 zuwa 3 cikin kowace haihuwa 1,000 a duniya. Tun a shekarun 1860 wani likitan ƙashi a Ingila, William Little, ya danganta abin da wahalar haihuwa da haihuwar bakwaini. Fiye da shekara 160 ke nan, mu kuwa har yau muna tambayar ko uwar ta yi wanka da almuru.

Nawa ɗan fari ne, kun san al'ada, ba zan ambaci sunansa ba. Lafiya lau aka haife shi, da kukansa mai ƙarfi. Ina gidanmu wankan jego, a ɗaki mai duhu, labule a sake, kayansa a akwati an zuba musu kafur don ƙamshi da korar kyankyaso. Rana ta 3 jikinsa ya fara yin ɗorawa. Aka ce shawarar jarirai ce, kowa ya yi, a sa shi a hantsi a ba shi ruwan gulukos. Rana ta 5 ya ƙi nono. Kukansa ya koma wani siriri mai tsini da har yau nake jinsa a kunnena, yana banƙarewa, ƙeyarsa na neman taɓo bayansa. Raina ya ba ni akwai matsala, amma ɗan fari ne, ga iyaye ga goggonni, ina zan buɗe baki in nuna damuwa a kansa a ce ba ni da kunya? Na yi shiru. Aka yi suna, aka ci aka sha. Rana ta 8 muka isa asibiti, aka sauya masa jini, aka sa shi a ƙarƙashin shuɗiyar fitila. Rai ya tsira, amma ruwan shawarar ya riga ya hau ƙwaƙwalwa. Ban riƙe kowa a rai ba. Duk wanda ke ɗakin nan sonsa yake yi, sani ne babu.

Wannan ne kukana na farko, kuma a nan zan fi daɗewa. Kwanaki 7 da muke jira kafin suna su ne kwanakin da shawara ta fi yin ɓarna. Yawancin jarirai takan zo musu kaɗan ta wuce, shi ya sa ake raina ta. Amma idan ta bayyana a ranar farko, ko ta sauko har tafin hannu da tafin ƙafa, ko yaro ya ƙi nono, ko barcinsa ya yi nauyi ba ya farkawa, to awoyi ake ƙirgawa. Ruwan gulukos ba ya maganinta. Shanya jariri a rana ba ya isa, yana ma iya ƙona shi ko ya busar da ruwan jikinsa. Maganin yana asibiti: a auna jini, a sa shi a fitila, in ta yi tsanani a sauya jini. Daga baya na san cewa yara maza da yawa a ƙasar nan ana haifarsu da ƙarancin wani sinadarin jini da ake kira G6PD, kuma irin waɗannan yara kafur, da lalle, da hoda mai sanyin nan ta mantol suna fasa musu ƙwayoyin jini. Saɓanin jinin uwa da na ɗa ma yana kawo ta, abin da awon ciki zai iya nunawa tun da wuri. Wa ya taɓa gaya wa kakata haka? Ga ungozoma tana zuwa wanka safe da yamma, ga wanzami yana shigowa, ga mata masu barka, ga liman a zaure ranar suna. Idanu da yawa ke ganin jaririn nan a makon farko, babu wanda aka koya wa abin da zai duba.

Haka zancen yake ga naƙuda. Mata da yawa a bencinmu labarinsu ɗaya ne: kwana ɗaya ko biyu a durƙushe a gida, maigida ba ya nan kuma ba a fita sai da izininsa, ko dare ya yi babu abin hawa, yaro ya faɗo bai yi kuka ba, aka yi ta buga masa kwano a kunne ana watsa masa ruwan sanyi. Minti na farkon nan shi ne komai, kuma ma'aikaciyar da aka horar tana da 'yar jakar hura iska da za ta iya tayar da numfashinsa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a Arewa maso Yamma matan da ke haihuwa a asibiti ba su kai 2 cikin 10 ba. Sauran yaran bencinmu kuma sanƙarau ne ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, yaro ya yi ta jijjiga a gida ana turare har kwana ya wuce.

Kuka na biyu, sunan nan na ɗan ruwa. Ranku ya daɗe, kun san abin da ke bin bayan wannan suna. A ce aljanu ne suka musanya shi, a ce ba mutum ba ne, a ce a kai shi bakin kogi ko dokar daji a ajiye, a juya baya, zai zama maciji ya koma wurin danginsa. Wata a cikinmu an ba ta wannan shawara ƙarara, daga bakin wanda take ganin girmansa. Ta ce ta kwana uku ba ta runtsa ba, tana rungume da yaron, don kada a ɗauke shi tana barci. Yaron da aka ajiye a daji ba maciji yake zama ba, yunwa da ƙishirwa da namun daji ne ke kashe shi, kuma sunan wannan kisan kai. Ina so in ji an faɗi haka a kan mumbari, da wannan lafazin.

A kan wannan tsoro masu damfara suke cin abinci. Kowace a cikinmu ta sayar da wani abu, wata akuya, wata gado da katifa, wata 'yan kunnen aurenta, ta kai wa wanda ya rantse cewa cikin kwana 40 yaro zai tashi ya taka. Ni ma na kai. Muna da imani da addu'a, kullum ina tofa wa ɗana kafin ya kwanta, kuma ku kuka koya mana cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a nemi magani. Ɓarnar ita ce a ce wa uwa ta daina zuwa gashi, ko ta tsayar da maganin farfaɗiya rana ɗaya, abin da kan jawo faɗuwa mai tsanani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shekarun farko ne gashi ya fi amfani, in aka ɓata su a yawon bokaye sai gaɓoɓi su ƙage, ƙugu ya goce, yaron da zai iya zama ya ƙare a kwance.

Na uku, an bar wa uwa kayan ita kaɗai. Ciyar da ɗana awa guda yake ɗauka. Sai na zaunar da shi sosai, na tallafe kansa haɓarsa ta ɗan sunkuyo, na kaurara kunun, sannan in ba shi da ƙaramin cokali, ina jiran ya haɗiye kafin in ƙara. In aka yi gaggawa ko aka ba shi a kwance sai ya ƙware, abincin ya bi hanyar iska, daga nan sai ciwon huhu. Sau uku a rana ke nan, ban da wanka, da juyi cikin dare don kada gyambon kwanciya ya kama shi, da miƙe masa gaɓoɓi safe da yamma. Ni Allah ya haɗa ni da miji mai tsayawa, shi ke ɗaukarsa zuwa banɗaki tun da bayana ya fara ciwo. Amma ku zo bencinmu ku ƙirga mazan da ke wurin. Mata nawa aka saka saboda wannan? A ce a danginku ne, a namu babu. A ce ita ta jawo. A mayar da ita gidan tsoho da yaron da ba ya zama, babu ci babu sha, ba ta iya fita aikatau domin babu mai riƙe mata shi. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin mota ya gagari da yawa, wadda ke zuwa gashi duk mako ta koma wata-wata, wasu mun daina ganinsu. Mai adaidaita ma in ya hango keken guragu sau da yawa wucewa yake yi.

Na huɗu, ƙofofi. Ni malama ce, amma makaranta uku na kai ɗana aka dawo mini da shi. A ɗaya aka ce zai tsorata yara. A wata aka ce miyau yake zubarwa, iyaye za su kwashe 'ya'yansu. Na san halin da malami ke ciki a ajin da ya cika ya batse, ni ma a ciki nake, amma yaron nan tun kafin in kai ƙarshen tatsuniya yake fara dariya don ya gano inda Gizo ya dosa. In ƙanwarsa ta yi kuskure a karatu sai ya yi ta buga ƙafa har ta gyara. Doka tana tare da shi. Dokar hana wariya ga nakasassu ta 2018, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba shi haƙƙin karatu kyauta har sakandare, ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutumin da ya nuna wariya, ta kuma ba da shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda keke zai shiga. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Jiharmu ma tun 2019 ta ayyana ilimi kyauta kuma dole. Amma ku dubi matakalar makarantar unguwarku, da ta asibitin sha-ka-tafi, da ta masallacin da kuke jan salla. Mahaifinsa yana son zuwa Juma'a da shi, matakala biyar da kwata a bakin ƙofa suka hana.

Na biyar gajere ne don ba na iya tsawaita shi. Ana tura yaranmu a baro zuwa bakin danja a yi bara da su a tsakar rana. Ana cinye musu gado a ce ai ba su san an yi ba. 'Yan matan cikinsu da ba sa iya gudu ba sa iya faɗa, akwai marasa tsoron Allah da suka san haka. Kuma kowace uwa a cikinmu da tambaya ɗaya take kwana: in na mutu wa zai juya shi?

Me ya sa ku na rubuta wa, ban rubuta wa ma'aikata ba? Domin na ga abin da kuka yi da shan inna. A 2003 rigakafi ya tsaya cak a jihar nan saboda zargi da tsoro. Da sarakuna suka shigo, aka kafa kwamitinsu na Arewa kan kiwon lafiya a 2009 a ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, masu unguwanni suka riƙa bin ma'aikata gida-gida, limamai suka ɗiga wa 'ya'yansu a gaban jama'a. A 2014 aka ga yaro na ƙarshe da ƙwayar cutar ta asali ta kama a Kano, ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Ina yarinya na ga yadda ƙofar da ta ƙi buɗuwa ga ma'aikaci take buɗuwa in mai unguwa ya yi sallama. Wannan sallamar muke roƙo.

Ga abin da muke nema.

Ku ƙirga mu. Kowane mai unguwa ya san gidan da aka yi haihuwa da gidan da aka yi rasuwa. Ya buɗe shafi ɗaya a littafinsa ya rubuta yaran da suka wuce lokacin zama ko tafiya ba su yi ba, ya miƙa wa dagaci, dagaci ya miƙa wa hakimi. A aika mata su shiga, domin wasu an ɓoye su shekara da shekaru, maƙwabta ma ba su san da su ba. Muna da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, in lissafin nan ya taru, da shi za ku tsaya gaban shugabannin ƙananan hukumomi ku nemi a riƙa turo likitan gashi asibitin mazaɓa ko da sau ɗaya a wata, ya duba yara ya koya wa iyaye abin da za su yi a gida, a kuma sa yaran nan a tsarin taimakekeniyar lafiya na marasa galihu don maganin farfaɗiya ya daina yankewa.

Ku tara ungozomomi da wanzamai a ƙofar fada, ku gayyato ma'aikaciyar lafiya ta nuna musu. Abin ba ya cin awa guda: a fito da jariri haske kullum a makon farko, a danna goshinsa ko karan hancinsa da yatsa a ga launin fatar, a duba ido da dasashi. In an ga ɗorawa, a tafi a ranar. A fitar da kafur daga kayan jariri, kada a sa masa lalle. Ku sanar cewa suna ba ya ɓaci don mai jego da jariri suna asibiti, liman zai raɗa, a yanka rago, biki ya jira. Ku kuma sa magidanta su bar izini a buɗe tun ciki yana wata 7, cewa duk lokacin da naƙuda ta tashi a tafi ko suna nan ko ba sa nan, a kuma san masu mota ko adaidaita biyu a unguwa da za a iya tasa cikin dare.

Malamai, Allah ya gafarta muku, huɗuba ɗaya muke roƙo a shekara, da 'yar tunatarwa a wurin raɗin suna da ɗaurin aure. Ba ni zan koya muku ba, daga bakinku muka ji dalilin saukar Suratu Abasa, muka ji yadda Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makaho, ya zama ladani har aka riƙa bar masa riƙon Madina. Daga gare ku muka ji Aɗa'u ɗan Abi Rabah, mai ɗingishi da shanyayyen hannu, shi ne mai fatawar Makka a zamaninsa, da yadda halifa Walid ɗan Abdulmalik ya sa wa kowane makaho ɗan jagora, kowane mai shanyewar jiki mai hidima. Ku faɗa wa maza cewa ciyar da yaron nan da maganinsa wajibi ne a kan uba ko an rabu da uwar. Ku faɗa wa jama'a abin da za a yi in farfaɗiya ta tashi: a kwantar da mutum a gefensa, a janye abin da zai ji masa ciwo, kada a cusa cokali a baki, kada a ɗura ruwa ko rubutu, kada a kara ƙafarsa a wuta, in ta wuce minti 5 a nufi asibiti. In kun zauna rabon gado, ku tambaya ko akwai mai larura a cikin magada, ku tabbatar an naɗa amintaccen da zai riƙe masa rabonsa a gaban shaidu. In ana rabon zakka, a masallaci ne ko ta Hukumar Zakka da Hubusi, ku tuna cewa mafi buƙata a cikinmu ba ta iya zuwa layi.

Akwai abin da unguwa za ta yi ba tare da jiran kowa ba, na gani da idona. Wani kafinta a bayan layinmu na kai wa hoton kujerar da likitan gashi ya zana mini, mai kusurwa a baya, da ɗan katako tsakanin cinyoyi, da faranti a gaba. Da ragowar katako ya haɗa ta, ya ƙi karɓar kuɗin aiki. Ranar da aka zaunar da ɗana a ciki, ranar ya fara ganin tsakar gidanmu a miƙe, a da rufin ɗaki kawai yake kallo. Ƙwarewarsa ta ragu, hannunsa ya fara kaiwa ga kofi. Kafintoci da masu walda nawa ne a ƙarƙashin kowane dagaci? Ku haɗa su da masu gashi su koyi kujerar zama, da abin tsayuwa, da sandunan koyon tafiya. Buhun siminti kaɗan da gayyar samari ta yini ɗaya za su mayar da matakalar masallaci da ta makaranta gangara. A samu ɗaki ɗaya a unguwa, ko zauren wani mai hali ne, inda iyaye mata za su riƙa karɓa-karɓa, biyu su zauna da yara, sauran su je kasuwa ko su samu barcin awa biyu.

Makaranta kuma, ku kira shugabannin makarantun da ke ƙasarku, na boko da na islamiyya, ku gaya musu ba a mayar da yaro daga bakin ƙofa saboda miyau ko keke. Mai yiwuwa ne. Wani malamin islamiyya, bayan duk an ƙi, ya ce in kawo ɗana. Ya sa shi a sahun gaba, ya gaya wa yara cewa ɗan uwansu ne, yana jin duk abin da suke faɗa. Mako biyu suna kallonsa daga nesa. Yanzu faɗa suke yi a kan wa zai turo kekensa gida, kuma su suka gano cewa in ya ɗaga ido sama "e" yake nufi, in ya kawar da kai "a'a". Wani yaro ma ya zana masa allo da hoton kofi da kwano da buta, yana nunawa da ido in yana so.

Masu tura yara bara kuwa, kafin a kore su daga titi a bi su gida a ga abin da ke tukunyarsu. Wanda haya yake ɗaukar yaro don bara, ko ya taɓa mutuncin yarinyar da ba ta iya magana, kada a kashe maganar a zaure, a miƙa shi ga hukuma.

Ranka ya daɗe mai unguwarmu, in wasiƙar nan ta iso gare ka, gidanmu ba ɓoyayye ba ne, kuma ina da sunayen gidaje shida a unguwar nan da za a fara da su, da izinin masu su. Bayan la'asar za ka sami ɗana a tsakar gida a kan kujerarsa ta katako. In ka yi masa sallama ka ɗan jira, amsar takan ɗauki lokaci kafin ta fito, amma tana fitowa.

Wassalamu alaikum.

Taku cikin girmamawa,
Wata uwa, a madadin matan bencin gashi, Kano.